Tsoho na son shiga jirgin ƙasa: mu nufi Abuja ko mu jira na Maraɗi?

Ɗan_Birni: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mahaifina ya haura saba'in. Da ƙuruciyarsa yaron mota ne, suna kwasar buhunan gyaɗa daga Magarya da Matamaye su kai Kano, a sauke a bakin reluwe. Ya ce ya ga jirgin ƙasa ya fi sau ɗari, da kafaɗarsa ya yi masa lodi, amma ƙafarsa ba ta taɓa taka cikin taragon fasinja ba. Kwanan baya ɗana mai shekara tara ya dawo daga lakwal da hoton jirgi a littafinsa, ya ce, "Kaka, cikinsa yaya yake?" Tsoho ya juya littafin sama da ƙasa, ya miƙa masa, bai ce uffan ba. Tun ranar abin ke cin raina. So nake a bakans mai zuwa in ɗauke su su biyun, mu tashi daga nan Birni, cikin Damagaram, mu je Kano, mu wuce Kaduna, mu hau jirgi zuwa Abuja, mu yi kwana biyu uku mu ga gari. Yayata ta ce wahala ce, in jira jirgin da ake gina wa layi daga Kano zuwa Maraɗi ya fara. Wa ya taɓa yin wannan tafiya?

Direban_Kano: Wa alaikumus salam. Hanya dai tawa ce. Ku tashi bayan asuba ta Matamaye, ku ƙetare a Ɗan Barto, Kwangwalam, Daura, Kazaure, sai Kano. Wajen kilomita 240 ne, amma kar ka yi lissafi da kilomita, yi da shingaye. Ku kwana Kano, washegari ku kama Kaduna ta Zariya. Kada ka yarda ka haɗa wa tsoho hanya biyun nan rana ɗaya.

Na_Magarya: Jiran na Maraɗi? Jiran gawon shanu ke nan. Gaida yayar taka, ka ce mata shekara saba'in ba ta jira.

Uwar_Biyu: Ni na hau, a 2019, ni da maigida da uwar mijina. Tashar tana Rigasa, can gefen Kaduna. Awa biyu da wani abu muka yi. Abin da ba zan manta ba, maigida ya sayo wa Inna shayi a kofin takarda, ta riƙe shi da hannu biyu tana jiran ya zube kamar yadda ta saba a kar. Har muka wuce tasha ta farko ko ɗigo bai fita ba. Sai ta ajiye shi a hankali, ta zuba masa ido, ta ce, "To wai tafiyar ake yi?" Ta taga kuwa ƙasa sai canzawa take yi, ciyawa ta fi mutum tsawo, duwatsu baƙaƙe da itatuwa a kansu, ƙoramu da ruwa a ciki. Mu da muka saba da gawo da aduwa, kallon kaɗai ya biya kuɗin tikiti.
Abu biyu ka sani. Kilim ɗin ciki sanyi gare shi, Inna sai da ta lulluɓa da mayafi biyu. Na biyu, tashar ƙarshe sunanta Idu, kuma ba cikin gari take ba. Muna fitowa na ga fili da masana'antu, na ce wa maigida, "Ina Abujar?"

Kabu_Kabu_07: Kun manta abin da ya faru da jirgin nan ne? Mutum zai ɗauki uba da ɗa ya sa cikin abin da aka dasa wa bam?

Bakatsine_a_Zandar: Ba wanda ya manta. Daren 28 ga Maris 2022 ne, aka fasa layi, aka kashe mutane, aka tafi da wasu daji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka dawo gida. Jirgin ya tsaya har Disamba na shekarar. Amma ka tambayi kanka me ya sa mutane suke rububinsa tun farko. Titin Kaduna zuwa Abuja ne ya gagara, manya da ƙanana suka koma jirgi. Bayan ya dawo aiki da jami'an tsaro yake tafiya. Ni shawarata a hau na safe.

Kabu_Kabu_07: Allah Ya tsare. Ni dai da tsohona ne, Mirya zan kai shi ya sha iska a garka mu dawo.

Ɗan_Birni: Kabu-kabu, maganarka na kan hanya, ita ce ma ta hana ni barci. Amma na ji ta Bakatsine. Maganar tikiti fa? Mu da ba mu da katin Najeriya?

Bakatsine_a_Zandar: Tun 2021 ta intanet ake saye. Yanzu sai da shaida, ɗan ƙasa ya ba da lambar NIN, baƙo ya nuna fasfo. Ka tafi da fasfo na ku ukun, da karnen rigakafi, da takardar haihuwar yaro. Ka sa wani naka a Kaduna ya duba jadawali ya kama muku kujera tun kafin ku baro Kano. Sefa kuma ka canza ta a Wapa, cikin Fage, kar ka bari sai Abuja.

Mushe_Mai_Ritaya: Ɗana, ka tuna mini da nisa. Ni na shiga jirgi, amma ba wannan naku mai sanyi ba. Ina saurayi kawuna ya tafi da ni Ikko, ya ɗauki kayan dukawa, jakunkuna da takalma da alabai, zai dawo da goro daga Agege. A Kano muka hau. Bencin katako ne, ka zauna gwiwarka na gugar ta na gabanka, ƙarƙashin benci kaji, bisa kai kwanduna. Wata mata ta haifar mana raha tun daga Zariya, don duk tashar da aka tsaya sai ta leƙa ta taga ta yi ciniki, ba ta gama tayawa jirgi ya ja, mai talla na gudu tana jefo masa kuɗi. Rake a Zariya, doya a Minna, kifi busasshe a Jaba. Jaba ɗin nan ita ce abin gani. Jirgi ya rage gudu ya hau gada, kowa ya yi tsit, ƙarfe na ƙara ƙarƙashinmu, Kwara shimfiɗe kamar ba ta da gaɓa. Kawu ya dafa ni ya ce, "Ruwan nan ta Yamai ya biyo." Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi tapki ba! Mun kwana a hanya, mun yini, muka sauka Iddo jiki duk ƙura. Ranar na fara ganin teku da gidan sama da ba na iya ƙirga tagoginsa. Fiye da kilomita dubu ne, kuma har yau in na rufe ido ina jin ƙarar nan.
Mahaifinka ya yi gaskiya. Gyaɗarmu ta Damagaram yawancinta ta Kano take fita, jirgi ya kai ta bakin teku. Layin ya iso Kano a 1911, reshensa ya kai Nguru a 1930. Nguru kuwa ga ta nan kudu da mu. Dogo ya zo har ƙofar gida ya tsaya, don Ingilishi ne mai shi, mu kuma muna hannun Faransi.

Ƴar_Garin_Malam: Baba Mushe, Allah Ya ƙara lafiya. To su Faransawan me ya hana su yi mana namu?

Mushe_Mai_Ritaya: Ƴata, sun yi mana a takarda. Layin da ya taso daga Abijan sunansa ma Abijan-Nijar, ya zo Wagadugu a 1954, bai taɓa ganin Nijar ba. Na Kwatano ya tsaya Paraku tun 1936, daga nan sai a juye kaya a manyan motoci. Har hukuma muka haɗa da Dahome, Benin ta yanzu, ta kula da jirgin, OCDN, wadda daga baya ta koma OCBN, muna da rabo a jirgin da bai taka ƙasarmu ba. Mun koyar da wannan a aji shekara da shekaru, yara na zana tarago a allo.

Na_Magarya: Ai an yi na Yamai zuwa Doso, Baba. An buɗe gar, wato tashar jirgin, a 2014, aka gama shimfiɗa wajen kilomita 140 a 2016, aka yi biki da kiɗa. Wa ya taɓa sayen tikitinsa a cikinku? Awaki ne suka ci riba, sun samu wurin kwanciya.

Mai_Shayi_Dole: Hhhh. Ni na ga layin da idona a Yamai, mai tuyar ƙosai ta kafa murhu a gefensa.

Admin: Jama'a a yi hattara, kar mu faɗa siyasa. Bawan Allah shawarar tafiya ya nema.

Ɗalibar_Kaza: Yaya Ɗan Birni, in jirgi ake so a nuna wa Baba, Maroko ce wurin. Ina karatu a nan. Akwai Al Boraq, tun 2018 yake aiki, daga Tanja zuwa Kazablanka awa biyu da minti kaɗan, yana kai gudun kilomita 320 a awa. Turakun lantarki ba ka iya ƙirga su. Ka sauka ka shiga taram ka zaga gari, ka je masallacin Hassan na Biyu da aka gama a 1993, wani sashensa bisa teku yake, kana alwala kana jin igiyar ruwa na dukan gini.

Direban_Kano: Ƙanwata, mutum na lissafin kuɗin mota zuwa Daura kina kira masa Maroko. Jaka nawa ne jirgin sama mutum uku?

Ɗalibar_Kaza: Na dai faɗa ne, Kawu. Mafarki ba a biyan duwan a kansa.

Hajiya_Zango: In har kuɗi za a kashe masu yawa, to a kai dattijo Umara, a jefi tsuntsu biyu. Akwai jirgin Haramaini tsakanin Makka da Madina, wajen kilomita 450, mun yi shi cikin awa biyu da rabi, hanyar da a bas sai an yini. Na yi ta hawaye a ciki, ina tuna iyayenmu da suka tafi da ƙafa ta Fort Lami da Sudan, wasu shekara bakwai kafin su dawo, wasu ba su dawo ba.

Ɗan_Birni: Hajiya, Allah Ya ba mu ikon haka, ita ce babbar niyya. Yanzu dai abin da aljihu zai ɗauka nake dubawa.

Injiniya_Tanut: Bari in gyara wani abu game da maganar yayarka. Layin da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 ne, kuma ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zai bi. Ku lura da Daura. Mu Damagarawa ba sai mun je Maraɗi ba, Daura ta fi mana kusa nesa ba kusa ba. In an gama shi, aka gama na Kano zuwa Kaduna da ake yi, mutum zai iya karya kumallo a Birni, ya hau jirgi a Daura, ya kwana Abuja. Duka faɗin layinsu ɗaya, irin sabon nan, ba irin tsohon da Baba Mushe ya hau ba, wanda ya fi ƙunci. Shi ya sa sabon jirgi ba ya iya bin tsohon dogo.

Na_Magarya: "In an gama." Injiniya, kalmar nan ta tsufa a bakinmu.

Mai_Kilishi_Abuja: Salamu alaikum, yanzu na ga zancen. Ni ɗan Sabon Gari ne, shekarata goma sha ɗaya a nan. Ɗan Birni, ka zo, amma ka ji yadda garin yake. Abuja ba a yawonta da ƙafa. Tituna ne faɗa-faɗa, daga wannan gini zuwa wancan sai ka yi gumi, kuma an hana kabu-kabu a tsakiyar gari tun 2006. Tasi za ku riƙa ɗauka, ku yi ciniki kafin ku shiga. Kada ku shiga motar da ba fenti, wadda kuka tarar da mutane a ciki, akwai ɓarayin da ake kira wan cans, aikinsu ke nan. Masauki a cikin gari wuta ne. Jirgin yana tsayawa Kubwa kafin Idu, ku sauka nan, kwana ya fi sauƙi, ga Hausawa ko'ina, ga tuwo. Abin da Uwar Biyu ta faɗa kan Idu gaskiya ne, sai dai yanzu akwai ƙaramin jirgin cikin gari da ya dawo aiki a 2024, yana bi ta Idu ya shiga tsakiyar gari, wani reshen ya tafi filin jirgin sama. Ka ga tsoho ya hau jirgi biyu ke nan.
Ku daidaita tafiyar ta faɗa Juma'a. Babban Masallacin Ƙasa, mai ƙubba ruwan zinariya da hasumiya huɗu, tun 1984 yake tsaye. Ku je da wuri ku samu ciki. Bayan an sallame harabar takan koma kasuwa, turare, huluna, littattafai, dabino, har ƴan garinmu za ka gani. Daga nan ana hango Dutsen Aso, fadar shugaban ƙasa da majalisa suna gindinsa, amma kar yaro ya ɗaga waya yana hoto ta wajen, sojoji ba su son haka. Da la'asar ku kai yaro Millennium Park ya yi gudu a ciyawa, ko tapkin Jabi ya shiga kwalekwale.

Uwar_Biyu: Ka manta Zuma.

Mai_Kilishi_Abuja: Ban manta ba, Hajiya, hannu ne ya gaji. Dutsen Zuma ba cikin Abuja yake ba, yana hanyar Suleja, wajen Madalla, daga Kubwa ba nisa. Shi ne a jikin takardar naira ɗari. Ku riƙe takardar a hannu ku tsaya gabansa, yaro zai yi murna. Akwai wani wuri a jikinsa kamar fuskar mutum, ido biyu da baki.

Mai_Shayi_Dole: Dutse? Mutumin Birni za a kai kallon dutse? Mu da duwatsu suka yi mana katanga a bayan gida?

Uwar_Biyu: Mai shayi, duwatsun Birni gaba ɗaya in ka tara su, tsakuwa ce a gindin Zuma. Gani ya kori ji.

Malam_Tsangaya: Ni ban ga abin kai dattijo Abuja ba. Wannan ba gari ba ne, ofis ne aka yi wa tituna. Ba ganuwa, ba fada mai tarihi, ba unguwar da za a ce kakan wane ya zauna. Ku tsaya Kano mana. Ga Kurmi, ga Dala, ga Gidan Makama, ga marinar Ƙofar Mata. Nan ne zai ga abin da zai yi ta ba da labari.

Mushe_Mai_Ritaya: Malam, gafarta, Abuja ba ta rasa asali ba, aron suna dai ta yi. Sarakunan Zazzau na Haɓe da jihadi ya kora su ne suka gangara kudu, ɗayansu Abu Ja ya kafa gari a 1828, aka kira shi da sunansa. Da gwamnatin Murtala ta yanke a 1976 za a gina sabon babban birni, sai aka ɗauki sunan, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ba ta taso daga Ikko ba sai 12 ga Disamba 1991. Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan labari. Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, aka kwashe aka kai Yamai. Mutumin Ikko da Badamagare ciwonsu ɗaya, sai dai su an bar musu teku.

Ƴar_Garin_Malam: Mu kuma an bar mana jarka da layin famfo.

Admin: Ƴar Garin Malam, na gan ki.

Bakatsine_a_Zandar: Malam Tsangaya, ai Kano a kan hanya take, ba a ce a tsallake ta ba. Amma tsohon nan Kano ya sani tun kana ciki. Abin da bai sani ba shi ne zama a kujera ƙasa na gudu ta taga. In sun je Suleja ma su nemi tukwane, garin da Ladi Kwali ta yi aiki ne, matar da ke bayan naira ashirin.

Kabu_Kabu_07: Har yanzu dai ni hankalina bai kwanta ba. Kwana biyu a mota don awa biyu a jirgi.

Direban_Kano: Mutane na yin kwana biyu a mota don ɗaurin auren da ba ya kai minti goma.

Ɗan_Birni: Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Jiya bayan isha na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta. Labarin Baba Mushe sai da ya sa na maimaita masa, wurin gadar Jaba. Da na zo kan masallaci da Zuma ya ce to, madalla. Tambayarsa biyu ce kawai. Wai jirgin yana yin kukan nan kafin ya tashi? Kuma za a bar shi ya zauna bakin taga? Sannan ya ce in mun isa Kano in fara kai shi tsohuwar tasha, yana so ya nuna wa jikansa inda ake tara dalar gyaɗa, da inda ya taɓa kwana bisa buhu yana gadin kaya. Yayata har yanzu ba ta yarda ba, ta ce sai dai in tafi da ita ta riƙa ba shi maganinsa. Kun ga mun zama huɗu.

Na_Magarya: Ashe ita ma jirgin take so, kunya ce ta hana ta faɗa.

Mushe_Mai_Ritaya: Ɗana, ka shirya masa zuciya, dalar gyaɗa babu ko ɗaya yanzu, tun bayan farin shekarun 1970 suka ƙare. Fili zai nuna wa yaron, ko gini. Ka gaishe shi, ka ce wani tsoho na tambaya ko ya san direbobin da ke tsayawa Kazaure cin tuwo.

Malam_Tsangaya: To in dai za a tsaya Kano na janye rabin maganata. Rabi kawai.

Ɗan_Birni: Zai ji, Baba. Saura abu ɗaya da na ji nauyin tambaya. Tsoho ba ya iya riƙe fitsari yanzu. Akwai wurin zagayawa a ciki?

Uwar_Biyu: Akwai, a ƙarshen tarago. Ka nemi kujera kusa da nan, ka riƙe masa ƴar buta a jaka. Kuma kar ka manta rigar sanyin nan da na ce.

Mai_Kilishi_Abuja: In kun sa rana ka yi mini magana ta gefe, zan tarye ku a Kubwa. Ka taho mini da barkonon Difa, na nan ba ya jin komai.